Ƙusar da Ke Jin Maganar Takwara

Yaya,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya jikin tsohuwar da kike jinya? Mu nan lafiya lau, sai kewarki. Wallahi gidan aikin nan naki da ba a barin wayar hannu ya cuce ni. Rabona da biro tun ina aji uku, ga yatsana har ya fara ciwo. Direban da zai kawo miki wasiƙar ya ce ƙarfe huɗu zai tashi, bari in yi sauri.

Kar hankalinki ya tashi, amma 'yarki Takwara ta canja min. Da in ta dawo makaranta shago take zama, ina ɗinki tana cika ni da surutu. Yanzu sai ta shige ɗaki ta turo ƙofa. Batirin rimot ya ɓata, na tocila ya ɓata, kwalin fil ɗina ma ya yi ƙafa.

Shekaranjiya da la'asar na leƙa ta taga. Tana zaune a ƙasa da wata ƙatuwar ƙusa, tana nannaɗa mata siririyar jar waya, bakinta na motsi ƙasa-ƙasa. Ta zube fil da allurai a gabanta, ta kai ƙusar kusa. Yaya, da idona na gani, suka yi tsalle suka manne! Za ki ce maganaɗisu ne. Ni ma na san maganaɗisu, akwai shi a murfin jakata, in ya kama ba ya saki. Wannan kuwa ta ce "sauka", duk suka zube. Ta ce "tashi", suka tashi.

Na gaya wa maƙwabciyarmu mai kitso. Ta dafe ƙirji ta ce ƙusa da allura da naɗi ba sai an tambaya ba, wani ne ke koya wa yarinya mugun abu. Na bincika a waya, na ga bidiyoyin da suka hana ni cin abinci.

Me zan yi? A gaida mutanen gidan.

Ƙanwarki,
Auta

*

Auta,

Wa alaikumus salam. Saƙonki ya iso, na karanta sau uku.

Na bar miki yarinya ne don makarantar da ke kusa da ke, ba don kin fi kowa hankali ba. Har a koya mata wannan a gidanki, ke kina ina? Kanki na cikin waya, na sani. Wa take bi? Wa ke ba ta kayan? Ko dai cikin masu zaman shagonki ne, kike rufa musu asiri?

Ki ƙwace ƙusar. Ki daina kai maganar 'yata wajen kitso. Ƙarshen wata zan zo, ki haɗa mata kayanta, gidan Gwaggo zan kai ta. Na san babu sakandare a can. Gara ta zauna ba karatu da ta lalace.

Allah ya tsare.

Yayarki

*

Yaya,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Don Allah ki zauna kafin ki karanta, kuma kar ki zage ni sai kin kai ƙarshe.

Na ɗauke ƙusar daga jakarta, da ledar burodi na riƙe ta don tsoro. Na zuba fil na ce "tashi". Shiru. Na ƙara murya. Ko motsi. Na ce ashe maganar Takwara kaɗai take ji. Na tsare Takwara, ta yi ta kuka, ta ce in kashe ta amma kar in gaya miki. Sunan mutum ɗaya na iya fizga a bakinta: malamarsu ta kimiyya.

Washegari na ɗaura ɗamara na tafi makarantar, na shirya maganganu masu zafi tun daga gida. Na dire ƙusar a teburinta na ce, "Malama, wannan kike koya wa 'ya'yan mutane?" Ta dube ni, ta dubi ledar burodin, ta yi dariya har da hawaye. Ta ce, "Anti, zauna." Ta ciro batir a aljihun tebur, ta ɗora bakin wayar ɗaya a kansa ɗaya a gindinsa, ta ce in danne da yatsa. Yaya, ƙusar ta kwashe filin nan tas! Na ɗaga yatsa, suka zube. Ni ce fa, ban ce "tashi" ba ban ce "sauka" ba. Har ɗumi na ji ta yi, na yar da ita ina salati, malamai suna ta ƙyaƙyata min.

Ta ce in wutar batir ta zagaya cikin naɗin, ƙusar ta zama maganaɗisu, in an yanke wutar ta koma ƙusarta. Ashe ranar batirin na kan cinyar Takwara ban gani ba, "tashi" da "sauka" kuma iyayinta ne kawai. Motsin bakin ƙirga ne. Malamar ta nuna min littafinta: naɗi ashirin ya ɗauki fil shida, naɗi tamanin ya ɗauki ashirin da bakwai. Duk ajin babu wanda ya yi tunanin ƙirgawa sai ita.

Sai dai ta yi min wata tambaya da ta tsaya min a rai. Ta ce ina yarinyar ta samu irin wannan wayar, ta cikin injin fanka ce, ba kowa ya iya ciro ta ba.

Ina komawa gida na leƙa ƙarƙashin gado. Tsohuwar fankar babanta ce da kika ba ni ajiya. An kwance ta tsaf, kowane noti an jera shi a murfin kwalba, yadda shi yake yi.

Na san tun ranar da wutar lantarki ta kashe shi a bakin aikinsa kika rantse 'yarki ba za ta taɓa wayar wuta ba. Abin da take ɓoyewa ke nan. Ni na jawo mata da bakina. In hukunci ne ki yi min, amma kar ki cire ta daga makaranta. Ga takardarta na haɗa, ban karanta ba. To, na ɗan karanta.

Taki,
Auta

*

Umma,

Ina wuni. Ki yi haƙuri na karya maganarki. Fankar ta riga ta mutu, ban sa ta a soket ba, da batir kawai na yi aiki. Na so in gwada tsince fil da ƙusar ne a shago, saboda fil ya soki Anti a ƙafa sau biyu, ita kuma ba ta gani in tana kallon waya.

Da na buɗe fankar na ga inda Baba ya ƙulle wata waya da hannunsa. Ban taɓa wajen ba.

In kin ce gidan Gwaggo zan tafi, zan tafi. Amma ranar Laraba za mu nuna aikinmu a aji, don Allah ki bari sai bayan nan.

'Yarki

*

Auta,

Na gaishe ku. Ki kwance kayan da kika haɗa.

Ga makulli a cikin ambulan, na baƙin akwatin da ke bayan kabad ne. Kayan aikin babanta ne a ciki. Ki ba ta. Batir kawai. In na ji ta kusanci soket, ku biyu zan kai gidan Gwaggo.

Ki tambaye ta, in ta yi naɗi ɗari, fil nawa zai ɗauka? Ta rubuto min da kanta.

Allah ya yi muku albarka.

Yayarki