Injin da Ba Ya Shan Mai

Litinin, 3 ga Maris

Yau motar gwamnatin jiha ta sauke farantan sola a asibitinmu. Kowa na murna, ban da ni. Tun ina da baƙin gashi nake kula da janaretan nan, Tsohuwa nake ce mata. In aka kashe ta, wa ke da buƙatar mai kunna ta? Ban gaya wa uwar yara ba.

Alhamis, 13 ga Maris

An gama kafa su a kan rufi. Injiniyar da ta kafa su, yarinya sa'ar 'yata, ta ce za a gwada ni wata guda: goge faranti, duba batura. In na iya, in zauna. In ban iya ba... ba ta ƙarasa ba, ni ma ban tambaya ba.

Asabar, 15 ga Maris

Shirun nan ya ishe ni. Ta ina mutum zai san lafiyar injin da ko tari ba ya yi?

Talata, 18 ga Maris

Na hau rufi na goge farantan tas da tsumman da nake share Tsohuwa. Har na ɗan ɗiga mai don su yi sheƙi. Bari yarinyar nan ta ga aikin manya.

Alhamis, 20 ga Maris

Na tafka ta! Datti ya manne wa man, farantan sun yi duhu, batura ba su cika ba. Da yamma firjin alluran rigakafi ya fara kuka. Garin neman gira zan rasa ido. Tsoro nake ji, wallahi.

Juma'a, 21 ga Maris

Injiniya ta hau rufi, ta shafa yatsa, ta shinshina. "Baba, mai ka ba su?" Na ce duk injin da na sani yana son mai. Ta yi dariya har ta zauna. "Waɗannan ruwa kawai suke sha, shi ma da sassafe." Tare muka wanke su da sabulu. Alluran ba su lalace ba, alhamdulillahi. Maganar aikina dai ba ta ce komai ba.

Litinin, 14 ga Afrilu

Na zauna! Injiniya ta ce ko ba komai ni ba na tsoron rufi. Na ji kamar an sauke min buhun siminti daga ka. Sai yau na ba uwar yara labari. Ta ce, "Ai na sani, Malam. Tun da ka daina dawowa da warin dizal, ka daina yi mana magana da ihu." Ni ihu? Sharri ne.

An ce in riƙa kunna Tsohuwa jefi-jefi don kada ta yi tsatsa. Ɗazu na kunna ta, ta cika ɗakin da hayaƙi da hayaniya. Na kashe ta da wuri. Tsimin mai nake yi kawai.