Karen Gona Ya Rabu da Wari

Yaya Hassana,

Gaisuwa mai yawa daga Sabha. Ya jikin Inna, ya ƙafar Baba? Ya maigidanki da yara? Ni lafiya lau, alhamdu lillahi.

Karen gonar dabinon da nake gadi a Gudduwa, kudu da Sabha, wanda ya tashe ni ranar da maciji ya shigo ɗakina, ya kusa halaka. Mai gonar ya ce warinsa ya yi yawa, in ban gyara shi ba za a yar da shi cikin sahara. Na wanke shi da garin sabulu, fatarsa ta yi ja, warin ya ƙaru.

Sai na je wurin wani likitan dabbobi ɗan Sudan. Ya ce, "Sabulun tufafi ba na kare ba ne, ɗan'uwa." Ya ba ni shamfun karnuka, ya ce in taje gashin tukuna, in wanke shi da ruwan ɗumi, in goge kunnuwansa, ya bushe sarai, in ƙone tsohon buhun da yake kwanciya a kai.

Na yi duk yadda ya ce. Ran Juma'a mai gonar ya zo, ya sunkuya ya shinshina, ya ce, "To, a bar shi ya zauna."

Kada ki damu, ina sauya tufafi kafin salla. Ki gaida Kawu Sani. A sa ni cikin addu'a.

Ƙaninki,
Illiya