Maɓalli na Tamanin da Takwas

Ya Migdalia, sanyin idona, inuwar mangwarona a tsakar ranar Agusta, iskar da ke gangarowa daga duwatsu da la'asar ta share wa Santiago gumi! Ya ke farar fulawar bakin rafi wadda shekara arba'in da ɗaya ba su rage mata ƙamshi ba, tsohuwata, yarinyata, abin alfaharina.

Na san za ki yi mamakin tarar da takarda a ƙarƙashin murfin piyano, alhali mai rubutun yana can ɗakin aikinsa, taku goma sha biyu daga kujerarki. Ki yi haƙuri, da baki ba zan iya ba. In na fara, za ki katse ni da wata ƙarya mai daɗi, ni kuma in yarda kamar yadda na saba. Kakata da ta raine ni ba ta taɓa fara labari daga inda yake da zafi ba, sai ta zagaya da shi ta kasuwa da bakin teku tukuna. Jikanta ne ni. Ki zauna, ki sa tabarau.

Shekara biyu ke nan da na fara jin wata jita-jita, wai kunnen Evaristo ya tafi. Evaristo fa! Mutumin da ya yi shekara hamsin yana saita muryar kowane piyano na makarantar kiɗa ta garin nan, wanda in yana wucewa ya ji ana kiɗa a saman bene zai gaya miki tsirkiyar da gishirin teku ya fara ci. Abokina Nicanor ne ya fara kawo mini ita, ran wata Lahadi a teburin domino.

"Tsoho," in ji shi, "an ce kunnenka ya yi ritaya ya bar ka kana ta zuwa aiki kai kaɗai."

Na ce, "Yau mai busa ƙaho ne zai yi mini maganar kunne? Kai da ka kurmantar da rabin unguwa, har da karen maƙwabta?"

Aka yi dariya, na ci wasan, na dawo gida ina taƙama. Me zai sa in yarda? Ina jin babura, ina jin tsawa, ina jin muryarki in kina faɗa. Abin da dai na lura, tsuntsayen bishiyarmu sun yi shiru, na ce ƙaura suka yi. Mai burodi ya daina busa usur ɗinsa da safe, na ce lalacin 'yan zamani ne. Duniya duka ta lalace, ni kaɗai ne da gaskiya. Sai abu na uku, wanda ya fi ci mini rai: ke ma kin daina kirana.

Kin tuna ɗaki na tara a makarantar kiɗa, hasken raina? Kina da shekara ashirin da biyu, da kitso guda har gadon baya, kina tsaye kina kaɗa ƙafa don na daɗe a kan piyanon da za ki yi atisaye. Na kai can ƙarshen dama, maɓalli na tamanin da takwas, ina ta lallaɓa shi. Kika ce, "Maestro," yadda ake kiran gwanin malami a nan, "wannan ai ba mai taɓa shi. Me ya sa kake ɓata masa lokacinka, da nawa?" Na ce wata rana wata za ta buƙace shi. Washegari ina wucewa ta baranda da jakata, sai na ji shi: tin, tin, tin, siriri, kamar ɗigon raɓa a kan gilashi. Na leƙa. Ga ki zaune da gahawa kofi biyu, kina kallon bango kamar ba ke ba. Wayyo zuciyata! Tun ranar ba ta dawo wurina ba. Wace mace ce ta taɓa kiran namiji da maɓallin da duniya ta manta da shi? Daga ɗaki na tara har gidan aurenmu, kullum ƙarfe huɗu, bugu uku, ni kuma in ajiye ko me nake yi in taho kamar ɗan maraƙin da ya ji kukan uwarsa.

Kwatsam sai kika koma kawo mini gahawar da hannunki har ɗakin aiki. Na yi fushi, fushin tsofaffi mai kumbura baki. Na ce, "Da can ana kirana kamar sarki, yanzu ana kawo mini kamar majinyaci." Kika ce, "Ƙafafuna ne ke son motsi, tsoho. Sha kafin ya huce." Na sha, ina cewa a raina ashe ƙauna ma tana tsufa, tana gajiya da wasa. Kuma na lura kiɗanki na gida ya sauko, kullum hannuwanki suna tsakiya da hagu, inda muryar ke da kauri kamar ta teku. Na ce shekaru ne suka sa kika fara son zurfi. Ashe saukowa kika yi inda zan iya jin ki.

To, yanzu mun iso kasuwar, saura bakin teku. Bari in yi maganar digirin.

Na san abin da ya ci miki. Kin ajiye digiri na biyu saura shekara guda, lokacin da cikin 'yarmu ya tsufa, mahaifiyarki kuma ta kwanta ba ta sake tashi ba. Kika ce shekara ɗaya ce. Shekarar nan ta zama talatin da takwas, kina gyara wa 'ya'yan mutane zaman yatsu, kina tafa musu a ranar jarrabawarsu. Kina da shekara sittin kika ɗauki jaka kika koma aji, kika zauna a benci ɗaya da waɗanda kika koya wa kirga bugu suna majina. Shekara uku ina kallonki kina tashi da asuba, kina jiƙa hannuwa a ruwan ɗumi kafin su yarda su miƙe. Kin rubuta kundin, kin kare shi. Saura abu ɗaya: ki hau dandamali ki yi kiɗan awa guda a gaban alƙalai biyar. Kuma ni da ke mun san wannan zangon ne na ƙarshe da doka ta ba ki. In ba ki miƙa takardar rajistar jarrabawar ba gobe Juma'a kafin sha biyun rana, an rufe, kuma ba za a sake buɗewa ba.

Ran Litinin kika ce wuyan hannunki na ciwo, kin haƙura, za ki janye. Na yi kwana uku ina shafa wa ƙarya man zafi! Ina murzawa a hankali, ina tambaya nan ne ko nan, kina cewa nan, nan. Hannun da ya fi nawa lafiya.

Ran Laraba na tafi makaranta in roƙa a ƙara miki lokaci. Ban kai ofis ba. Na bi ta babban zaure, na tarar da Odalys ta cusa kai a cikin babban piyanon da na saita ran Talata. Odalys da na koya wa aikin nan shekara talatin da suka wuce, wadda yanzu ita ma furfura ta fito mata.

"Ƙura nake sharewa, Maestro," in ji ta.

Na ce, "Da sifanar saita tsirkiya a hannu ake share ƙura yanzu?"

Sai ta zauna a bakin dandamali ta fashe da kuka. Ta ce shekara biyu ke nan duk piyanon da na taɓa, sai ta bi bayana. "Tsakiya da ƙasa, Maestro, har gobe babu kamarka a tsibirin nan. Amma can sama kana ja, kana ja, kana neman abin da ba ka ji, har tsirkiya ta wuce wurinta." Na tambaye ta wa ya sa ta. Ta ce, "Maestra," wato ke. Har na gidanmu ma, in ji ta, duk Lahadi in na tafi domino. Kin san abin da na ce mata? Na ce kujerata take so. Matar da ta yi shekara biyu tana rufa mini asiri a ɓoye! Na je yau da safe na ba ta haƙuri, ta ce ta saba da bakina tun tana budurwa.

Amma a hanyar dawowa ran Larabar na gane lissafinki, ko da ban yarda da tushensa ba. Kin san al'adar zauren nan kamar yadda na san ta. Ɗalibi ne ke rubuta sunan wanda zai saita masa piyano. Ran jarrabawa da safe mai saitin ya yi aikinsa, ya kulle murfin, ya damƙa makullin a hannun shugaban alƙalai, kuma babu yatsan da zai sake taɓa shi sai na mai jarrabawar. Babu Lahadi a nan, babu Odalys a bayan labule. In kin rubuta sunana, za ki hau kan kiɗan da samansa ya karkace, a gaban kunnuwa goma da ba su san tausayi ba. In kin rubuta nata, za a lika a allon sanarwa, garin duka ya karanta cewa matar Evaristo ba ta yarda da kunnen Evaristo ba. Sai kika zaɓi na uku, kika ɗauki shekara talatin da takwas na jira da shekara uku na ruwan ɗumi, za ki zuba su a teku don kada wani tsoho mai girman kai ya ji kunya.

Haba, Migdalia! Haba, tauraruwata! Wa ya gaya miki kunyata ta kai wannan daraja? Da wane ido zan riƙa kallon hannuwanki a kan tebur in na san ni ne na naɗe su? Sau ɗaya kika ajiye mafarkin nan saboda uwa da 'ya, kuma babu mai zarginki. Kada ki ajiye shi na biyu saboda ni. Ba zan iya ɗauka ba, bayana ya riga ya sunkuya.

Takardar tana nan tare da wasiƙar. Na rubuta sunan Odalys da hannuna, da manyan baƙaƙe, don duk wanda ya karanta a allo ya gane rubutun waye. Sa hannunki kawai ya rage. Sifanata ma tana gefe, a cikin tsummanta, ki kai mata. Ki ce kada ta bar ta a inda akwai laima.

Ba zan ce miki babu zafi ba, kin fi ni sanin ƙaryata. Kiɗan da za ki rufe da shi, wanda kika fara koya a ɗaki na tara, can sama yake ƙarewa, kamar yayyafi a kan kwanon rufi bayan an ɗauke ruwa. Shekara arba'in da ɗaya nake jiran in ji shi a babban zaure, kuma ga ranar ta zo ta tarar na rufe rabin ƙofa. Zan ga hannunki na dama yana hawa, yana hawa, har ya shige inda ba zan iya bin sa ba, kamar tsuntsuwar da ta ƙetare dutse. Amma ki kwantar da hankali. Na ajiye shi a wurin da shekaru ba su kai ba tukuna. Ke ki buga, ni zan cike sauran daga ciki.

Ga alkawarina. Shekara hamsin ina zama a layin ƙarshe kusa da ƙofa, inda mai saiti ke zama da jakarsa a cinya. Wannan karon zan sa farar rigata mai aljihu huɗu in zauna a layin farko, hannu babu komai, a matsayin mijinki kawai. Zan kawo Nicanor ya yi miki tafi, tunda ƙara ce kaɗai abin da ya iya. In kika ga ban tashi a kan lokaci ba, ki ɗaga hannu daga maɓallan da kyau, in gane an gama.

Yanzu mun iso bakin teku, kakata ma a nan take tsayawa. Nicanor ya faɗa, na yi dariya. Odalys ta faɗa, na zage ta. Yau da la'asar zafi ya ishe ni, na bar ɗakin aiki da wuri, na zo na tsaya a bakin ƙofar falo, ba ki gan ni ba. Agogo ya nuna ƙarfe huɗu. Kofi biyu na kan tire. Kika miƙa ɗan yatsanki can ƙarshen dama, kika buga. Na ga maɓallin ya sauka, ya tashi, sau uku. Ban ji komai ba, masoyiyata, ko kaɗan. Kika karkatar da kai wajen tsakar gida kina saurare, kika jira, kika jira, sannan kika share ido da bayan hannu, kika ɗauki tiren. A wurin na san ba ki taɓa dainawa ba. Kwana ɗari bakwai kina kirana, ni kuma ina can ina kumbura baki wai an manta da ni.

Ki ci gaba da bugawa, don Allah. Daga gobe ƙarfe huɗu za ki same ni a bakin ƙofar nan ina kallon yatsanki, kuma zan taho, zan taho muddin ƙafa na ɗaukata, in ta gaza in rarrafo.

Jita-jitar gaskiya ce. Wadda ta gaya mini daga ƙarshe kuwa, ba tare da ta buɗe baki ba, ke ce, Migdalia.

Naki jiya, naki yau, naki har ranar da za a kulle murfi a miƙa makulli,

Evaristo