Filafilin Tsohon Mai Fito

Klaten, 2 ga Agusta

Zuwa ga Dik Darmaji, ƙanin matata, shugaban kwamitin bikin 'yancin kai na unguwarmu.

Assalamu alaikum. Ka gafarce ni da na ɗora maka karatun wasiƙa alhali katanga ɗaya ce tsakanin gidajenmu. Idan raina ya ɓaci, muryata rawa take yi. Ina fatan kana lafiya, kai da iyali.

Jiya a shagon shayin Bu Tini na ji cewa a cikin jerin fina-finan yaƙi guda uku da muke kallo duk shekara, za a nuna na ɗaya da na uku a zauren unguwa, a tsallake na biyu, saboda an ba Pak Harjo zauren na Asabar guda don kaciyar jikansa. Wai ni, da na shekara tara riƙe da lasifika ina fassara wa tsofaffinmu, in taƙaita shi cikin minti biyar!

Dik, a na ɗaya ɗamara kawai aka ɗaura, a na uku kuma rawani. A na biyu ne aka ci rundunar sarauniya da yaƙi, tsohon mai fito ya yi sahu goma sha ɗaya yana tsallakar da masu rauni, a sahu na ƙarshe kogi ya tafi da shi. Ɗan littafin da ya zo da faifan ya bayyana wannan a shafi na ashirin da shida. A na uku, filafilin da yake tuƙa kwalekwale da shi na rataye bayan karagar sarauniya. In aka tsallake na biyu, mutanenmu za su ɗauka ado ne. Wannan zalunci ne ga mamaci, ko da na fim ne.

Na gode, a huta lafiya.
Mijin yayarka, Suwignyo

4 ga Agusta

Yayana Mas Wignyo,

Wa'alaikumus salam. Wasiƙa har da ambulan? Na zaci sammaci ne.

Tunda ka rubuta, bari in faɗa maka gaskiya. Kaciya ba ita ce matsalar ba, zauren a buɗe yake ranar Lahadi da la'asar. Kai ake tsoro, Mas. Bara sau goma sha huɗu ka tsayar da fim don ka karanto littafinka. Mbah Sumi, da shekarunta tamanin, ta ce ta zo kallon doki yana gudu, ta tashi da kallon doki a daskare, ƙafa ɗaya a sama. Mai soyayyiyar ayaba ya sayar da kayansa kaf, ya koma gida ya soyo wata, ya dawo bai rasa komai ba. Kuma kowa ya ga babin fim na biyu a littafin ya fi kauri.

Yayata ce ta roƙe mu kada a gaya maka. Kada ka yi fushi da ita.

A gaida gida.
Darmaji

5 ga Agusta

Dik Darmaji,

Bayan gaisuwa. Sau goma sha uku ne. Na goma sha huɗun wuta aka ɗauke. Shekara guda kuna dariyata a shagon shayi, kuna gaishe ni da fara'a, har matata a cikinku. Na tambaye ta da safe. Ba ta musa ba, cewa kawai ta yi ita ma ba ta taɓa ganin tsohon ya kai gaɓa ba tare da na tsayar da shi a tsakiyar ruwa ba.

Ban huce ba. Amma ba za a binne tsohon saboda ni ba. Ga roƙona:

1. A nuna fim na biyu ranar Lahadi, cikakke.
2. A karɓi lasifikar a ba wanda kuka ga dama. Littafin zai zauna a gida.
3. A ajiye min kujera a layin baya, kusa da Mbah Sumi, don in raɗa mata sunan tsohon sau ɗaya tak.

Ina jiran amsa a rubuce kafin Juma'a.

Naka cikin girmamawa,
Suwignyo