Tafinta a Gindin Ɗorawa

Litinin, 26 ga Nuwamba, 1973
Sakamakon jarrabawar Amurkawa ya iso. Direban motar doya ne ya taho mini da ambulan daga gidan waya na Abuja har nan Kwali. Turanci 720 cikin 800. Lissafi 330. Na murza ido na sake dubawa, yana nan kamar ɗigon manja a farar riga. Ni da nake neman digiri na biyu kan hulɗar ƙasa da ƙasa, me ya haɗa ni da auna inuwar sanda? Jami'o'i uku na nema a Amurka. Gwamnatin jiha kuma ta ce in ban samu gurbi kafin damina ba, sikolashif ɗina wani za a ba. Sai na samu. In na fita, Kwali sai dai ta gan ni a hoto.

Alhamis, 29 ga Nuwamba
Na gama takardar bayyana dalilina na neman karatun. Shafi huɗu cur: Majalisar Ɗinkin Duniya, Rasha da Amurka, Turanci mai nauyi. Na kai wa Oga Andrew, hedimastanmu, ina jiran yabo. Ya karanta ya miƙo mini. "Malama Hannah, wannan ai labarun rediyo ne. Ke kina ina a ciki?" Ji shi, mutumin da ko Kaduna sai an riƙe masa hannu. Na fito ban yi masa sallama ba.

Asabar, 8 ga Disamba
Shanun Baffa Hammawa, Bafulatanin da ke maƙwabtaka da mu, sun afka wa dawar Baba, saura kwana uku a girbe. Shekara ashirin suna kan ƙa'ida ɗaya: sai an kwashe dami na ƙarshe, sannan shanu su shiga su ci kara su bar taki. Baba ya ƙi cin abinci, sai wasa adda yake yi, alhali babu abin sara. Bara irin wannan ce ta sa aka ƙone ruga a wajen Sheda. Gobe za a zauna, ni ce tafinta kamar kullum. Ga takardata tana jira.

Lahadi, 9 ga Disamba
Da aka taso daga coci muka haɗu a gindin ɗorawar bakin gona. Abin da ya daɗe yana ba ni haushi: tsofaffin nan da Hausa suke ciniki, da ita suke tsokanar juna a kasuwa. Amma ranar rigima Baba sai Gbagyi, Baffa sai Fillanci, ni a tsakiya da Fillancin da na tsinta wurin masu tallar nono. Na daɗe ina cewa girman kai ne kawai.

Baba ya ce, "Gaya wa ɓarawon nan gumina ya ci." Na ce, "Baffa, Baba ya ce abin ya yi masa ciwo don daga hannun aboki ya fito." Baffa ya ce, "Dawar da ko akuya ba za ta ƙoshi da ita ba." Na ce, "Baba, Baffa ya ce ya ga ɓarnar da idonsa, a faɗi yadda za a gyara." Haka dai har rana ta karkata. An tsaya a kan shanu za su kwana a gonar Baba rani guda, ya samu takin da zai mayar masa da asararsa baɗi. Aka sha nono a ƙwarya ɗaya.

Ina raka Baffa sai ya ce da Hausa, "'Yata, zagi ne abu na farko da na koya a yarenku. Ɓarawon nan na ji shi sarai." Na tsaya cak. Ya ce, "Da a ce da Hausa ya faɗa, da dole in rama. Abin da aka faɗa da Hausa ya zauna. Amma da ya bi ta bakinki, ya huce kafin ya iso. Shi ya sauke abin da ke ransa, ni kuma ban ji ba."

Ashe shekara goma sun san abin da nake yi. Kunya ta kama ni, sai kuma daɗi.

Litinin, 10 ga Disamba
Na yaga shafi huɗun nan. Na rubuta biyu, kan ɗorawa da tsofaffi biyu da ke yin kamar ba sa jin juna. Lissafin ma ban ɓoye ba, na ce ga shi, zan gyara. Oga Andrew ya ce, "Yauwa, ga ki nan." Na gaishe shi yau.

Talata, 12 ga Maris, 1974
Jami'o'i biyu sun ƙi ni. Wasiƙu masu ladabi ƙwarai. Su ma sun iya sanyaya magana.

Alhamis, 11 ga Afrilu
Sun ɗauke ni! Ta ukun, wadda na fi so. A ƙasan wasiƙar wani farfesa ya ƙara da hannunsa cewa yana son jin sauran labarin ɗorawa, amma zan yi ajin lissafi zango ɗaya. Ko zango goma ne a kawo. Na fito daga aji da gudu har silifas ɗina ya tsinke, ban koma ɗauka ba. Mata suka cika gidanmu da guɗa. Baba kuwa yana zagaya gari yana cewa shi ya samo mini gurbin: "Da ban zagi Hammawa ba, me za ta rubuta?" Na bar masa. Farin ciki har ya hana ni zama.

Lahadi, 18 ga Agusta
Gobe tafiya, akwati a ɗaure. Baffa ya zo da man shanu a kwalba, wai kada abincin Turawa ya busar da ni. Suka zauna da Baba suna zolayar juna. Can Baffa ya dube ni ya ce, "To Malama, wa zai riƙa sanyaya mana magana?" Na ce, "Shekara biyu ce kawai, Baffa. Ku riƙe faɗanku sai na dawo."

Ban san daga ina maganar ta fito ba. Baba ya gyara zama. Da Hausa na faɗa, a gaban su biyun, kuma babu tafinta.