Numfashin da Ka Bari a Fiyano

Ya maigidana, inuwata a tsakiyar rani, farin audugata, ruwan farko a kan busasshiyar gona,

Ban gane ka tafi ba ranar da aka kawo gawarka daga hanyar Dayi, ko ranar da aka kai ka. Sai ranar da na fita takaba, na sauko da 'yar fiyanonka mai batir, wadda ka saya a shagon Hyacinth a Funtuwa. Na danna wani maɓalli, da kanta ta fara kaɗa waƙar da ka ajiye mini a cikinta. Muryoyin kiɗan duk naka ne, amma suna tafe a jere kamar sojoji, ba mai jiran wani. A nan na zauna a ƙasa. A nan na sani.

Ka tuna kakar da ka tsayar da keke a bayan Kafur, ka ce in saurari mata suna sussuka? Ka ce ba taɓarya biyu da ke sauka daidai, wadda ta gaji tana makara kaɗan, kuma makarar nan ita ce daɗin. Ka ce fiyano inji ce, ba ta da huhu, sai an ara mata. Shi ya sa ba ka barin ta ta kaɗa da kanta. Maɓalli guda kake taɓawa, kowace taɓawa ta fito da murya ɗaya ta waƙar, ka ja wannan, ka saki waccan, ka yi shiru inda mai waƙa zai ja numfashi. Wayyo, yatsan nan naka! Ina zan same shi?

Yanzu ni ke taɓawa. Kowane hantsi, in na gama shara, sai in zauna a gindin dalbejiya, in rufe ido. Sai in ga gonar auduga ta buɗe fari fat har bakin sama, kana tafe a cikinta ba ka sauri, ina bin sawunka da yatsa ɗaya. Shekaranjiya Inna, mahaifiyarka, tana tsince wake, ta ɗago kai ta ce ga autanta nan ya shigo. Ta koma kan wakenta, ni na ci gaba da taɓawa.

Amma ya hasken idona, batir yana mutuwa. Muryar ta soma dusashewa. Hyacinth ya ce ba ya iya rantsuwa waƙar za ta tsira in an canza shi, in yi maza in ɗauka a kaset. Ya ce in bar ta ta kaɗa da kanta, minti biyu an gama. Ta yaya zan adana ka kana tafiyar soja, kai da ko kasuwa ba ka shiga da gaggawa?

Ka zo mini ko a gyangyaɗin rana, ka ɗora hannunka bisa nawa sau ɗaya. Ni taka ce muddin ana shuka ana girbi a ƙasar Malumfashi, taka ce har a haɗa mu. Allah ya haskaka makwancinka.

Kaset ɗin yana cikin rikoda, ban ɗauka ba. Akwai wurin nan dab da ƙarshen waƙar inda kake tsayawa ka dube ni, har yau ban gano tsawon shirun ba.

Matarka,
Kulu