Malamin Aro

Litinin, 3 ga Maris

Yaya ya samu aiki daga ƙaramar hukuma: fentin firamaren unguwarmu. Wai kwamitin majalisar dokoki zai zo ya ga inda kuɗin ilimi ke tafiya. Bangon gaba kawai za a shafa, da gefen da ke kallon titi. Ya ce in zo in riƙe masa tsani. Shekara huɗu takardar koyarwata na cikin akwati, yau ga ni zan shiga makaranta da bokiti. Na ce to. A gidansa nake ci, a gidansa nake kwana.

Laraba, 5 ga Maris

Aji shida, malami biyu. Malama, shugabar makarantar, wadda ta koyar da ni a aji uku, sai wani dattijo da tari ba ya barinsa ya ƙarasa jimla. A allon ofis kuwa suna goma sha ɗaya ne reras. Na tambaye ta ina sauran taran suke. Ta ce, "Ɗana, ni ma a allon nake ganinsu."

Aji biyar babu rufi tun bara. An ce mu garƙame ƙofar, mu rubuta Ɗakin Ajiya a jiki. Ni na rubuta, saboda hannuna ya fi na Yaya kyau. Amfanin karatuna ke nan.

Alhamis, 6 ga Maris

Jami'in ilimi ya zo duba aiki. Mu masu neman aiki Gobe-da-safe muke ce masa, don ba ya da wata amsa. Ya kalle ni sama da ƙasa, ya ce ina da farar riga? Wai ran Litinin ana buƙatar mutum tara su tsaya a azuzuwa kamar malamai, na kwana ɗaya.

Na ce, "Yallaɓai, takardar neman aikina na ofishinka shekara huɗu."

Ya ce, "To ai ga dama ta zo, a san fuskarka."

Yaya ya taka mini ƙafa. A hanya ya ce in na ƙi, shi za a cire daga fentin asibiti da na kasuwa, ga matarsa da ciki wata bakwai. Na ce wato in yi ƙarya da sana'ar da aka hana ni. Ya ce, "Kai dai ka tsaya, ba wanda zai tambaye ka komai."

Asabar, 8 ga Maris

Matar Yaya ta goge mini rigar. Ko godiya ban iya yi ba.

Litinin, 10 ga Maris



Da sassafe babbar mota ta sauke bencina, aro daga wata makaranta. Aka ba ni aji huɗu, yara saba'in da wani abu. Gobe-da-safe ya ce in rubuta jimla a allo, in an ji ƙarar motoci su yi ta maimaitawa. An ce ƙarfe tara za su zo. Goma ta yi, sha ɗaya ta yi. Na gaji da tsayuwa kamar gunki, na ce bari in ji wa zai karanta abin da na rubuta. Takwas ne suka iya. Takwas, a aji huɗu. Na goge allon na koma kan baƙaƙe, ina haɗa musu biyu-biyu. Ban san lokacin da na manta da kwamiti ba.

Sun shigo wajen sha biyu da rabi, su shida, da mai ɗaukar hoto, ƙamshin turare ya cika ajin. Shugabansu yana waya. Wata 'yar majalisa mai tabarau ta tsaya tana kallon allo, ta ce, "Malam, tun yaushe kake koyarwa a nan?"

Wallahi ban shirya ba. Na ce, "Tun ƙarfe takwas, ranki ya daɗe."

Ta yi dariya, ta zaci wasa ne. Sai ta ga ni ba na dariya. Ta juya ga yaran ta ce su faɗa mata sunan malaminsu. Babu wanda ya san shi. Ta fita ta nufi Ɗakin Ajiya, ta ce a buɗe. Aka ce makulli ya ɓata. Ta leƙa ta taga ta ga sararin sama.

Minti ashirin suka yi gaba ɗaya.

Talata, 11 ga Maris

Motar ta dawo ta kwashe bencinan.

An cire Yaya daga asibiti da kasuwa. Da ya yi mini faɗa da ya fi sauƙi. Yana wanke burushi ya ce, ko ɗagowa bai yi ba, "Ka faɗi gaskiya, sannu. Ita za mu auno a kasuwa?" Ni ne mai laifi ke nan. Ba wanda ya cinye albashin mutum tara ba, ni.

Juma'a, 14 ga Maris

Kwana uku ba ya amsa gaisuwata sai da kai.

Laraba, 26 ga Maris

An saka zaman kwamitin a rediyo, na saurara a shagon tela. Shugaban ƙaramar hukuma ya ce daga sama ba a sako kuɗi ba. Mutumin ma'aikatar ilimi ya ce an sako. Kowa da takardarsa. Mai tabarau ta kawo maganata, ta ce ta bincika, akwai matashi mai takardar koyarwa zaune ba aiki, ga aji ba malami, a bayyana mata wannan lissafi. Wani ya ce, "Malamin ƙarfe takwas," zauren ya kwashe da dariya. Tela ma ya dara, sai da ya ga fuskata.

Sun kafa ƙaramin kwamiti, zai kawo rahoto bayan mako takwas. Kwamiti ya haifi kwamiti. Malama kuwa an aiko mata da takardar tuhuma, wai ta bar baƙo ya shiga aji. Su suka kawo baƙon.

Allah ya isa. Na rubuta, ba zan goge ba.

Alhamis, 27 ga Maris

Na je ba Malama haƙuri. Ta ce in ajiye haƙurina, saura shekara ɗaya ta yi ritaya, me za su yi mata. Na fito ta gaban aji huɗu. Suna zaune a ƙasa, ba kowa a gabansu. Suka miƙe suka gaishe ni. Na wuce da sauri. Ni ba ma'aikacin kowa ba ne.

Litinin, 7 ga Afrilu

Ba koyarwa nake ba. Awa biyu ne da safe a aji huɗu, kafin in bi Yaya gidan da ya samu aikin fenti a bayan tasha, kuma don Malama ce kawai. Ba wanda ke biyana, ban kuma yafe wa kowa ba. In rahotonsu ya fito babu sunana, zan daina.

Yau sha tara suka karanta.

Yaya ya gan ni da alli a hannun riga. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce gobe kar in yi sauri, zai fara shafin fenti na farko shi kaɗai.